Shekarar da Muryata Ta Ɗauke

Har na kai aji huɗu na firamare ban iya karatu ba, kuma babu wanda ya sani, domin Allah ya ba ni kunne mai riƙo da harshe mai sauri. Idan malaminmu ya karanta jimla ya ce mu maimaita, muryata ce take fara tashi, kuma kafin a kai ƙarshen mako na haddace shafin gaba ɗaya, har na san inda ake tsayawa a ja numfashi. Asirina ya tonu ne wata rana da aka ce in miƙe in karanta ni kaɗai. Na buɗe littafi na riƙe shi da kyau, na zuba darasin tun daga farko har ƙarshe ba tare da tuntuɓe ba, sai na ga malamin ya tako a hankali ya tsaya a bayana. Ya sa yatsa ya juya mini shafi biyu, ya ce da ni cikin murya ƙasa-ƙasa, "'Yata, darasin da kika karanta yana nan ne." Bai dake ni ba, bai kuma faɗa wa aji ba, amma na kwana ina jin kunyar da har yau idan na tuna sai jikina ya yi sanyi. Shi ne daga baya ya riƙa zama da ni a lokacin tara, yana koya mini haɗa baƙi da wasali kamar 'yar aji ɗaya, har na kama.

Wanda ya ji wannan zai ɗauka cewa da na zama malama zan fi kowa gane yaron da yake ɓuya a bayan murya. Ba haka aka yi ba. Na shekara 11 ina koyarwa a ƙananan azuzuwa, kuma abin da aka san ni da shi shi ne ƙarfin murya. Darasin karatu a ajina ba ya sauya kama: in rubuta a allo, in karanta su maimaita, in sake karantawa su sake maimaitawa, jeri-jeri, maza sannan mata, sannan kowa ya ɗauko littafin rubutu ya kwafe abin da ke allon, ni kuma in bi da jan biro ina saka maki. Idan baƙi suka zo makaranta, ƙofar ajina ake tsayar da su su ji yadda yara fiye da 50 suke karatu da murya ɗaya. Ina alfahari da hakan ƙwarai, kuma idan na koma gida a gajiye, maƙogwarona yana zafi, sai in ɗauki zafin a matsayin shaidar cewa na yi aiki.

A shekara ta 12 muryar ta fara dishewa. Da farko takan dawo bayan hutun ƙarshen mako, daga baya ta daina dawowa, har wata safiya na buɗe baki zan amsa gaisuwar yara iska kawai ta fito. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa da na'ura ya ce wasu 'yan ƙulalai ne suka fito a kan tantanin da ke fitar da murya, irin kantar da kan fito a tafin hannun mai aikin ƙarfi, kuma ya ce malamai da mawaƙa suna daga cikin waɗanda abin ya fi kamawa. Ya sa ni hutun magana na makonni, ya hana ni ko da raɗa, domin a cewarsa raɗa ma tana wahalar da maƙogwaro, sannan ya gargaɗe ni cewa idan na koma ɗaga murya kamar da, to aiki za a yi mini, kuma ba lallai ne muryar ta koma yadda take ba. Na zauna a gida da ɗan littafi da biro ina rubuta wa iyalina abin da nake so, ina tunanin me ya rage wa malamar da ba ta da murya.

Ranar da na koma aji ita ce rana mafi nauyi a duk aikina. Na rubuta a allo da manyan baƙaƙe cewa kowa ya buɗe shafi kaza ya karanta a zuciyarsa, na zauna. Aka yi tsit na ɗan lokaci, ido ya yi mini caa. Wani yaro a benci na biyu ya buɗe littafin yana juya shafuka yana kallon hotuna, yana ɗagowa yana duba fuskata. Wata yarinya ta ɗora yatsa a kan kalmar farko, yatsan bai motsa ba har tsawon lokacin da nake kallonta. Can sai wadda ta fi kowa ƙoƙari a idona, wadda nake miƙarwa gaban baƙi, ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ki fara mana sai mu bi." Kafin minti 5 ajin ya koma kasuwa, ni kuwa ba ni da abin da zan tsawatar da shi sai buga rula a kan tebur.

A makon nan na riƙa kiran su ɗaya bayan ɗaya zuwa teburina, ina miƙa wa kowa ɗan gajeren labari da na rubuta da hannuna, wanda ba su taɓa ji daga bakina ba. Yara 54 ne. Waɗanda suka karanta shi har suka iya gaya mini abin da ya faru a ciki ba su kai 20 ba. Wasu suna fitar da kalmomin da ƙyar, amma kafin su kai ƙarshen jimla sun manta farkonta. Sauran kuwa ko dai su yi shiru, ko su kalli baƙin farko su ƙirƙiro kalma. Yarinyar nan mai ƙoƙari ta riƙe takardar da kyau, ta gyara tsayuwa, ta fara zubo mini darasin makon jiya da ta haddace. Na kalle ta na ga kaina ina aji huɗu, sai dai ni malamina ya gano ni, ita kuwa malamarta ce ta yi shekara tana yi mata tafi. A daren nan na yi kukan da ban yi ba ranar da likita ya gaya mini ciwona.

Shugaban makaranta, da tausayi ya yi, ya ce zai mayar da ni ofis in riƙa kula da rajista da takardu. Na yi kwanaki ina juya maganar, kuma ba zan ɓoye ba, zuciyata ta karkata ga karɓa, domin hanya ce ta fita ba tare da kowa ya san abin da na gano ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne ziyarar da na kai wa wata tsohuwar malama da ta yi ritaya, wadda na yi aikin koyon koyarwa a ƙarƙashinta. Na rubuta mata komai a takarda ta karanta, ta cire tabarau, ba ta lallashe ni ba. Ta ce, "'Yar nan, ki tuna darasinki na da, ki ƙirga mini minti nawa ne a ciki idon yaro yake kan rubutu shi kaɗai, yana fama da kalma da kansa." Na zauna na lissafa a gabanta. A darasi biyu na minti 35 kowanne, lokacin da yaro yake karatu na gaskiya, wanda ba amshi ba ne kuma ba kwafi ba, bai wuce minti 4 ko 5 ba, shi ma ga wanda aka miƙar. Sauran lokacin duk ni ce nake karatu. Shekara 11 ina ƙara gwanancewa a karatun littafin aji uku.

Tunda an hana ni magana, sai na koma karanta abin da masana suka rubuta, kuma na tarar ciwon ba na ajina kaɗai ba ne. A shekarar 2019 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kashi 53 cikin 100 na yara a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaicin ƙarfin tattalin arziki ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi a shekara 10 da haihuwa, kuma bayan rufe makarantu na annobar korona an ƙiyasta adadin ya kai kashi 70 a 2022. Wannan bai sanyaya mini zuciya ba, domin na san da hannuna a cikin lissafin. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne bayanin da Keith Stanovich ya yi tun 1986, cewa yaron da ya kama karatu da wuri yana jin daɗinsa, sai ya ƙara karantawa, ya ƙara tara kalmomi, karatun ya ƙara yi masa sauƙi, shi kuwa wanda ya makara yana gudun littafi saboda wahala, don haka ratar da ke tsakaninsu ƙaruwa take yi kowace shekara. Ma'ana, duk ranar da na cinye lokacin da bakina, masu rauni ne suke biyan bashin.

Na koma wurin shugaban makaranta da takarda a hannu. Na roƙe shi abu ɗaya, ya haɗa mini darasin karatu da na rubutu su zama a jere da safe, ba tare da ƙararrawa ta raba su ba. Ya dube ni ya ce, "Malama, mai murya ma yaran nan sun fi ƙarfinta, ina ga ke?" Na rubuta masa cewa, "Ranka ya daɗe, ka ba ni zango ɗaya, in ba a ga canji ba zan tafi ofis da ƙafata." Ya gyara jadawali, na sami minti 70 a dunƙule.

Tsarin da na yi ya samo asali ne daga iyakar da likita ya gindaya mini. Ba zan iya magana da dukan aji fiye da minti 10 ba, saboda haka sai na tara yaran kusa da ni in koyar da abu guda tak, ko sautin wani baƙi, ko yadda mai karatu yake komawa baya idan jimla ta ƙi ba shi ma'ana. Daga nan su watse zuwa aiki: wasu karatu su kaɗai, wasu karatu bibbiyu, wasu rubutu, ni kuma in zauna a kusurwa da yara 6 ko 7 da suke buƙatar abu iri ɗaya. A ƙarshe mu sake haɗuwa na 'yan mintoci, yaro biyu ko uku su faɗi abin da suka karanta ko su karanto abin da suka rubuta. Daga baya na ga cewa wasu masana biyu, Pearson da Gallagher, sun bayyana irin wannan sauke nauyi a hankali daga malami zuwa ɗalibi tun 1983: malami ya yi a gani, a yi tare, sannan yaro ya yi shi kaɗai. Ni a matakin farko na maƙale duk tsawon aikina.

A takarda tsarin ya yi kyau, amma ranar farko ya rushe warwas. Na raba su rukuni-rukuni, na zauna da nawa, kafin in buɗe littafi an yi layi a gabana: wannan fensirinsa ya karye, wannan an ɗauke masa littafi, wannan ya gama, wannan yana tambaya wace kalma ce wannan. Kwana uku ina gwadawa ina komawa gida da ciwon kai, sai na gane cewa na nemi yara su yi abin da ban taɓa koya musu ba. Zama da littafi kai kaɗai fasaha ce, kuma ana koyar da ita kamar yadda ake koyar da haɗa baƙi.

Don haka na ajiye rukuni gaba ɗaya na kusan wata guda. Muka rubuta a kwali abin da mai karatu yake yi: ya zaɓi wuri ya zauna, ya fara nan take, idonsa a kan littafi, ba ya tashi. Na sa yaro ya nuna wa aji yadda ake yi, sannan na zaɓi mafi ƙiriniya a ajin na ce ya nuna yadda ba a yi, aka yi ta dariya, sannan na ce shi ɗin dai ya nuna yadda ake yi daidai, domin shi da aji su shaida cewa zai iya. Muka fara da minti 3. Da zarar na ga mutum ɗaya ya fara waige-waige sai in kaɗa 'yar ƙararrawa a tsaya, ba tare da na ambaci sunan kowa ba, mu rubuta adadin mintocin a bango, gobe mu nemi ƙari. Abin da ya fi yi mini wuya shi ne in hana kaina zagayawa ina yaba musu. Na lura idan ina yawo a tsakaninsu don ni suke yi, da na juya baya sai aikin ya tsaya. Sai na koyi zama a gefe kamar ba na nan. A mako na biyar suka kai minti 20. Muka kuma yanke ƙananan matsaloli tun kafin su taso: gwangwanin fensir feraru a gaban aji, wanda nasa ya karye ya musanya ba tare da tambaya ba, wanda kalma ta gagare shi ya rarraba ta gaɓa-gaɓa, in ta ƙi ya tambayi abokai biyu kafin ya zo wurina.

Sai matsalar abin karantawa, domin ba a zama da littafin da ya fi ƙarfin mutum. Daga hanyar da Marie Clay ta ƙasar New Zealand ta fito da ita, ta bin karatun yaro ana yin alama a kan kowace kalma, na koyi cewa rubutun da yaro zai karanta shi kaɗai ya kamata ya iya kalma 95 cikin 100 ko fiye, wanda kuwa ya faɗi ƙasa da 90 wahala kawai yake sha. Littafin aji guda ɗaya ba zai yi wa yara 54 daidai ba. Na riƙa yanka kwali ina rubuta gajerun labarai da dare, wasu jimla uku kacal da kalmomi masu gaɓa biyu, wasu shafi guda, na zuba su a akwatuna uku masu launi daban-daban. Na koya musu su buɗe shafi su naɗe yatsa ɗaya duk inda kalma ta gagara, idan yatsun hannu suka ƙare kafin shafin ya ƙare, to a ajiye shi sai gaba.

A kusurwar nan ne na yi koyarwar da ban taɓa yi ba. Rahoton da wani kwamitin masana na Amurka ya fitar a 2000 ya jero ginshiƙai biyar na koyon karatu: jin sautukan da ke cikin kalma, danganta sauti da baƙi, karatu ba gargada, yawan kalmomi, da fahimta. Da yara 6 a gabana ina iya ganin wane ginshiƙi ne ya karye wa kowa. Yarinyar nan mai haddar tana da kalmomi da fahimta fiye da sa'o'inta, abin da ta rasa shi ne na biyu. Na rubuta mata "kafa" da "ƙafa" a kati biyu, na ce ta nuna mini wadda ake takawa da ita. Ta daɗe tana kallo, ta kai yatsa kan lanƙwasar da ke saman baƙin, ta ɗago ta ce, "Malama, ashe wannan ƙugiyar magana take yi?" Bayan makonni kaɗan ta karanta mini kati guda daga farko har ƙarshe, a hankali, tana tuntuɓe tana gyarawa, kuma wannan karatun mai gargada ya fi mini duk zubar da ta taɓa yi a gaban baƙi daɗin ji.

Rubutu ya fi karatu ba ni wahala, domin ni ce na koya musu cewa rubutu shi ne kwafe abin da ke allo ba kuskure. Da na ce kowa ya rubuta abin da ya ga dama, sai suka zauna da farar takarda suna tambaya, "Malama, me za mu rubuta?" Dole na fara yi a gabansu. Nakan tsaya a allo in rubuta abin da ya same ni, in soke kalma, in sauya wata, su ga cewa babba ma ba ya rubutawa daidai a karon farko. Na kuma ajiye jan biro. Idan na zauna da yaro a kan rubutunsa, sai in fara tambayarsa game da abin da ya faɗa, sannan in ɗauki gyara ɗaya kawai, yau tazara tsakanin kalmomi, wani makon aya. Wani yaro da bai taɓa rubuta komai nasa ba ya kawo mini layi biyu a karkace, kalmomin a manne da juna, da ƙyar na warware su. Ya rubuta cewa malamarsu ba ta da murya amma yanzu tana jin tasu. Takardar tana nan a cikin jakata.

Ba kowa ne ya ji daɗin canjin ba. Wani uba ya zo da littafin ɗansa yana nuna mini kurakuran da ban gyara ba, ya ce a da littafin fes yake. Na ɗauko masa tsohon da sabon, na ce yaron ya karanta masa duka biyun. Ya karanta nasa mai kurakurai, ya kasa karanta kwafin mai tsabta. Uban bai ce komai ba, amma bai tafi da fara'a ba. Mai duba makarantu kuma ya rubuta cewa ya tarar da malama a zaune a kusurwa, aji yana guna-guni, kuma an bar manhaja a baya. Maganar manhajar gaskiya ce, na yi baya da kusan babi huɗu a zangon farko, kuma na sha kwana ina tambayar kaina ko rashin lafiya ce ta sa nake yi wa gazawata ado. Haka nan ba duka yaran suka haye ba. A ƙarshen shekara akwai 7 da har lokacin suke fama da haɗa gaɓa, ɗaya kuma an cire shi daga makarantar a tsakiyar zango na biyu daidai lokacin da ya fara kamawa, kuma har yau idan na ga yaro mai tsayinsa sai in tuna shi.

Shekara 4 ke nan. Ban je ofis ba, kuma ba a yi mini aiki ba. Muryata ta dawo, ko da yake ba ta kai ta da ba, kuma dawowarta ta zo da nata haɗarin, domin nakan kama kaina minti 10 ɗin nan sun zama 20, ina jin daɗin bayanina, yara sun fara hamma. Yanzu na ba wani yaro agogo, shi yake ɗaga hannu idan lokacina ya cika. Kowace sabuwar shekara kuma daga minti 3 muke farawa, da sabon kwali a bango.

A makon jiya aka aiko kirana ofis ana tsakiyar lokacin karatu, na fita ban ce wa kowa komai ba, kuma maganar ta ja ni fiye da yadda na zata. Da na dawo na tsaya a bakin ƙofa ina kallo. Biyu suna zaune gwiwa da gwiwa, ɗaya tana karantawa ɗaya tana bin layi da yatsa. Wani ya tashi ya musanya fensir a gwangwani ya koma. Yaron da ke zaune kusa da ƙofar ya ɗago kai daga katinsa, ya dube ni ya ce, "Malama, don Allah ki ɗan matsa, kin tare mini haske."